Halan Ruwan Ajiwa Ya Ƙare?

Ranar da Abban Ummi ya gaya wa Hajiya cewa zai tafi da mu Legas, har ma yana so ya kai mu mu ga teku, tana zaune tsakar gida bisa tabarma tana shan hantsi, saboda ɗarin Janairu ya kankama. Ba ta tanka masa ba. Sai da ya fita ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi za ku yo bakin teku da jinjira? Halan ruwan Ajiwa ya ƙare?"

Na sunkuyar da kai ina dariya ƙasa-ƙasa, don Ajiwa madatsar ruwan da muke sha a Katsina ce. Ummi sunan Hajiya ta ci, shi ya sa duk abin da ya shafe ta sai an bi ta ƙofar Hajiya. Wata takwas gare ta a lokacin, ta iya zama, ta soma ja da ciki, haƙoranta biyu na ƙasa sun fito. Ni kuwa a Rafin Daɗi aka haife ni, aka kai ni aure Ƙofar Ƙaura, ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa gabansa shi ne madatsar Zobe ta Dutsin-ma, shi ma makaranta ce ta kai mu. Wurin aikin Abban Ummi ne suka tura shi horo na mako guda a Ikeja, a Janairun 2025, ga kuma Yaya da ke aure a Agege, rabonta da Ummi tun ranar suna. Da wannan na samu ƙafar bin sa.

Hajiya ta yarda, amma da sharuɗɗa. Kada a sa yarinya a ruwa. Kada magariba ta riske mu a waje. A tofe ta da addu'a safe da yamma, don ita a wurinta babban ruwa ba ya rasa masu shi. Ranar tafiya, muna shirin shiga mota, ta jawo ni gefe ta danƙa mini wata 'yar gorar roba, ta rage murya ta ce, "In kun je ki ɗebo mani ruwan nan kaɗan. An ce yana ma ciwon ƙafa." Wato ita ma tana son tekun, zuwa ne ba ta so.

Muka bi ta Charanchi, Kankia, Bichi har Kano, muka hau jirgi a filin Malam Aminu Kano. Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ta ce mini in ba Ummi nono lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiyar tana rage toshewar kunne. Na bi maganarta, muka yi awa ɗaya da rabi ko uffan ba ta ce ba. Ƙofar jirgi na buɗewa a Legas sai wata iska mai laima ta rufe mu kamar jiƙaƙƙen bargo. Yarinyar da na naɗo cikin suwaita da hula da safa, a nan filin jirgi na tuɓe ta ta koma daga ita sai 'yar shimi. Duk da haka washegari ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da bayan kunne.

Maganar zaɓen wuri a falon Yaya aka yi ta, bayan sallar isha'i. Mijinta Alhaji ya fi shekara ashirin yana harkar albasa a kasuwar Mile 12, kuma har yau Ikko yake ce wa garin, irin na mutanen da. Na zaci zai lissafo mana bakin teku goma. Sai ya ce a duk zamansa sau biyu ya taɓa zuwa, kuma duka Bar Beach ne, wanda yanzu babu shi: an cike wurin da yashi an dasa sabon birnin nan na Eko Atlantic a kai. Abban Ummi ya ciro waya ya nuna hoton da ya ɗauka a Landmark shekarun baya, ya ce can yake so ya kai mu. Alhaji ya kaɗa kai. An rushe bakin tekun a ƙarshen Afrilun 2024, babbar hanyar gaɓar teku da za ta tashi daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita wajen 700, ta bi ta kansa.

Abin da na lura da shi a daren nan shi ne ni da maigidana ba abu ɗaya muke nema ba. Shi hotuna yake bi a Instagram, inda ruwa ya fi shuɗi, inda bishiyoyin kwakwa suka fi jeruwa. Ni kuwa tambayar da ke cikina ita ce awa nawa yarinyar nan za ta yi a mota, ina zan zauna in ba ta nono ba tare da idon jama'a a kaina ba, in jikinta ya yi zafi da tsakar dare ina za mu nufa. Na yi ta tambayar inuwa har Yaya ta ce, "Ke, teku za ki gani ko kuka za ki zauna ƙarƙashi?"

Badagry aka fara jefarwa, kuma ita na fi jin zafin rasawa. Can ne benen da ake yi wa laƙabi da na farko a ƙasar nan yake, wanda 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, can ne kuma tsibirin Gberefu da aka riƙa bi da bayi zuwa jiragen Turawa. Amma garin yana can dab da iyakar Binin, sai an ratsa Mile 2 da Ojo da Okokomaiko da Agbara, kuma Alhaji ya ce hanyar nan ba a yi mata alkawarin lokaci. Ko an isa, sai an tsallaka ruwa a kwale-kwale, sannan a taka da ƙafa cikin rana kafin a kai bakin tekun. Na dubi Ummi tana barci a cinyar Yaya na ce a bar wa wata shekarar.

Sai Tarkwa Bay. A takarda ba ta da na biyu ga mai jariri. Wurin yana bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma katangun duwatsun da Turawan mulki suka jera tun farkon ƙarnin da ya wuce don kare mashigar su ne suke karya ƙarfin igiyar ruwa. Shi ya sa ruwan wurin a kwance yake, ba kamar sauran gaɓar Legas da ke fuskantar Atilantika gaba da gaba ba. Mota ba ta zuwa, don haka ba hayaƙi ba oda. Wani ɗan'uwan Alhaji ya ce tafiyar jirgin ruwan ba ta wuce minti ashirin ba. Muka yanke shawara, ranar Asabar sai Tarkwa Bay.

Muka fito da hantsi, muka hau gadar Third Mainland, kilomita 11.8 a kan ruwa. Ina leƙen gidajen katakon Makoko da ke tsaye bisa turaku, yara ƙanana suna tuƙa kwale-kwale kamar yadda namu ke tuƙa keke a lungu. Na ɗauka wannan ne tekun. Direban ya yi dariya ya ce wannan tafki ne kawai.

A wurin hawa jirgi aka miƙo mana rigunan kariya guda biyu, na manya, ɗaya ma igiyarta ta tsinke an ɗaure da leda. Na ce ina ta yarinya. Mutumin ya dubi Ummi, ya dube ni, ya ce ba a yin ta irin wannan girman a wurinsu, in dai rungume ta da kyau. Na tsaya ina kallon jirgin yana rawa a jikin dakali, wani babba ya wuce can nesa, igiyarsa ta zo ta ɗaga shi ta sauke. Ba abin da ya faɗo mini a rai sai Bagwai. Ƙarshen Nuwamban 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da 'yan makarantar Islamiyya suna kan hanyar zuwa Maulidi, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara. Ruwan dam ke nan, wanda ba shi da igiya. Na tuna kuma yadda nake goye da ita da majanyi: in na faɗa ruwa tana bayana, kaina ne zai taso, nata yana ƙasa. In kuma a hannu take, wa ya ce hannun zai riƙe?

Na ce, "Abban Ummi, ni ba zan shiga ba."

Ransa ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba. Kuɗin mota ya biya tun daga Agege, ga mutane suna kallonmu. Ya ce ga wata can da ɗanta ta shiga. Na ce ita ta san ruwa, ni ban sani ba. An ce mai ɗa wawa, to na karɓi wautar. Ya miƙa wa mutumin rigunansa muka juya, ba mai ce wa wani komai.

Don kada ranar ta tafi a banza ya ce direba ya kai mu wani bakin teku a Lekki, mafi kusa. Ba zan kama sunan wurin ba, wataƙila mu ne muka zo a mugun lokaci: Asabar, ƙarfe ɗaya na rana. An karɓi kuɗin shiga, an karɓi na ajiye mota, aka ce kular abincin da Yaya ta haɗa mana ita ma sai an biya mata, rumfa kuma da nata farashin. Kowace rumfa da lasifikarta, kowace da kiɗanta daban, har ƙirjin mutum yana amsawa. Yashin ya yi zafin da ko ta cikin silifa ana ji. Ummi ta ƙanƙame ni ta fasa kuka irin wanda ban taɓa ji ba. Na duba hagu da dama, babu lungun da mace mai hijabi za ta zauna ta shayar, babu inda zan shimfiɗa darduma. A cikin mota na ba ta nono, gilashi a rufe, gumi yana zuba. Tekun kuwa na hango shi ta tsakanin kawunan mutane, wani fari-fari yana tashi yana faɗuwa. Ko minti arba'in ba mu yi ba muka kama hanyar gida, gosulo ya riƙe mu har bayan isha'i.

Yaya ce ta warware mana. Ta ce kuskurenmu shi ne muna so mu je mu dawo a yini ɗaya, alhali daga Agege hanyar kaɗai ta cinye safiya da yamma, lokutan da jariri zai iya zama a waje. Abin da ya rage mana shi ne tsakar rana, daga ƙarfe 10 zuwa 4, daidai sa'o'in da likitoci ke cewa a ɓoye yara daga rana. Ta ce ku je ku kwana, kuma ba ranar hutu ba.

Wannan karon ni na karɓi wayar. Na kira masauki uku a yankin Ibeju-Lekki, wajen Eleko, na yi musu tambayoyin da suka sa ɗaya ta ce mini ko ni jami'ar bincike ce. Daga ɗaki zuwa yashi taku nawa ne? Akwai rumfa mai rufi ko laima ce kawai? Ana kiɗa da dare? Janareta ƙarfe nawa ake kashe shi? Za a ba ni ruwan zafi in dama kunu? Asibiti mafi kusa minti nawa? Wanda ya amsa ba tare da in-ina ba shi muka kama, ko da yake a hoto shi ne mafi rashin kyau.

Ranar Talata, horon ya ƙare, muka fita bayan sallar asuba. Muka bi titin Lekki zuwa Epe, ta Ajah, Sangotedo, Awoyaya. Daga nan tankoki da tireloli suka fara yawa, saboda a can gaba ne matatar Ɗangote take, mai ganga 650,000 a rana, wadda marigayi Buhari ya buɗe a Mayun 2023, ga kuma sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki. Abban Ummi yana ta yi mini bayanin ɗanyen mai, ni ina lissafin famfas nawa suka rage. Ummi ta yi barcinta tun daga gada, ba ta farka ba sai da muka sauka daga kwalta.

Ƙara na fara ji kafin in gan shi. Wani gurnani mai nauyi, kamar hadarin Agusta yana tasowa daga gabas, sai dai shi wannan ba ya ƙarewa. Muka zagaya bayan ɗakin, sai ga shi. Ba shuɗi ba ne kamar na hoto. Launin toka ne da ɗan kore, ga hazon hunturu da ya biyo mu har nan ya share layin da ya raba ruwa da sama, sai ya zama kamar duniya ta ƙare a wurin ba a gama zana ta ba. A Zobe ina ganin tsallake. Nan babu tsallake. Na ce subhanallah, na sake cewa, na rasa ta uku. Yashin kuwa ban ji baƙuntarsa ba ko kaɗan, irin na gulabenmu ne in sun ƙafe da rani, wanda muke haƙa mu tarar da ruwa a ƙasa.

Babu kowa sai masunta can gefe suna jan taru, sun jeru a igiya kamar masu jan guga a rijiya mai zurfi, da wani saurayi riƙe da doki. Muna shimfiɗa tabarma ya matso ya ce, "Sannunku da zuwa, Hajiya. Daga ina?" Bahaushe ne, daga wajen Zamfara, dokin haya yake yawo da shi ana hawa ana ɗaukar hoto. Wanda ya saba ganin dawakin Hawan Sallah a Katsina da adonsu, in ya ga wannan sai tausayi ya kama shi, duk haƙarƙari a waje. Da ya ji daga inda muke sai ya tsuguna ya gaishe da Abban Ummi da kyau, ya ce mu ja tabarmar baya. Ruwan yana cika ya janye sau biyu a yini, inda muka zauna ɗin nan kafin azahar ya zama nasa. Ya nuna mana wani wuri da igiyar ba ta fashewa, ruwan ya yi lumui kamar an shafe shi. Ya ce nan ne baƙo ke cewa ya samu wurin wanka, kuma nan ne ruwan ke komawa ciki da ƙarfi, ya ja mutum ko da iya gwiwa ya shiga. "Yallaɓai, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ku tsaya inda kumfa ke ƙarewa."

A nan muka tsaya. Na riƙe Ummi a ƙirji na matsa har inda yashi ya jiƙe. Kumfar ta zo ta shafi ƙafata, da ta koma sai na ji yashin yana zarewa daga ƙarƙashin dugadugaina, kamar ana janye tabarma ina tsaye a kai. Igiya ƙarama ce, amma na gane abin da yaron ke nufi. Sharaɗin Hajiya na farko bai sha wahalar cikawa ba.

Ita dai gimbiyar da aka yi duk wannan ɗawainiya dominta, tekun bai dame ta ba. Sau ɗaya ta kalle shi ta kawar da kai. Yashi ne ya tafi da hankalinta. Ta damƙa, ta buɗe hannu ta ga yana zubewa, ta sake damƙa, ta kai baki. Na ƙwaƙule, ta sake. Abban Ummi ya tsinto mata ɓawon katantanwar ruwa, na karɓe ƙananan don kada ta haɗiye, na bar mata babba guda ta yi ta gwaguya da haƙoranta biyu. Na shafa mata man kariya daga rana a kumatu da bayan hannu, tunda ta wuce wata shida, ƙasa da haka inuwa da tufa kawai ake so. Ƙarfe tara da rabi rana ta fara cizo, muka tattara. Taku kamar sittin ne zuwa ɗaki, na ƙirga. Na wanke mata gishiri da yashi, na dama kunun gyaɗa da ruwan filas, ta sha ta yi barcin awa biyu da rabi, ni ma na bi ta. Wannan taku sittin ɗin shi muka biya wa kuɗi.

Da la'asar muka koma. Na yi salla a ƙarƙashin rumfa, na fuskanci gabas, teku a hannun damana yana ta nasa tasbihin. Masuntan sun fito da kifi, mata suna ciniki da Yarbanci, Abban Ummi ya sayo manya biyu aka gasa mana da yaji. Yana ci ya ce, ba tare da ya dube ni ba, wai jirgin ranar Asabar ɗin shi ma bai kwanta masa a rai ba. Na ce ai na gani. Ban gani ba, amma na ce.

Daren bai zo da daɗi duka ba. An ce mini janareta har safe, ƙarfe biyu ya mutu bai sake tashi ba. Fanka ta tsaya, sauro suka fito kamar an yi musu gayya. Allah ya sa na taho da gidan sauron Ummi tun daga Katsina, wanda Abban Ummi ya yi ta yi mini tsiya a kansa wai na cika jaka da tarkace. Muka cusa ƙafafunmu ciki mu ma, muka buɗe taga. Na daɗe ido biyu ina fifita ta da murfin kula, gurnanin nan yana shigowa, har ya zama ban san lokacin da na daina jin sa ba.

Da safe kafin mu tafi na tuna da gorar Hajiya. Abban Ummi ya naɗe wando ya je inda kumfa ke ƙarewa, ya jira igiya ta kawo masa. Rabin abin da ya shiga yashi ne. Na ɗaure bakin da leda biyu na tura cikin akwati, duk da haka sai da ta jiƙa mini atamfa ɗaya.

Mun iso Katsina ranar Juma'a da yamma, ɗari ya tarye mu tun daga Kankia, na mayar wa Ummi suwaitarta. Hajiya ta karɓe ta kafin ma ta amsa gaisuwarmu. Ta juya ta, ta duba wuya, ta duba tafin ƙafa, ta shinshina kanta, ta ce, "Kishiyata ta yi baƙi." Na ce ba ta shiga ruwa ba, Hajiya. Ta ce ta sani, da ta shiga da ta gani. Na ciro gorar na miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗaga ta a hasken fitila, yashin ya kwanta a ƙasa. Ta buɗe, ta tsoma yatsa, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Ashe da gaske gishiri gare shi. Duk girman nan nashi haka yake?"

Na ce haka yake duka.

Ta rufe gorar ta tura ƙarƙashin gado, kusa da ta zamzam, ta ce in je in ɗora ruwan wankan yarinya.